Da kuɗi ya yi ƙasa sai a fara da ajin badujalar yaranmu?

Hukumar makarantun gundumarmu a nan Amurka ta fitar da daftarin kasafin kuɗin baɗi, kuma wuƙar ta fara sauka ne a kan ajin badujala, wato ajin da ake koya wa yara busa da kiɗa. Wai za a ɗora wa malami ɗaya makarantu biyu, sannan a soke ajin 'yan aji shida gaba ɗaya, yaro ya jira sai ya shiga aji bakwai. Duk mai bin labarai ya san ba mu kaɗai ba ne, kusan dala biliyan 190 ɗin nan da gwamnatin tarayya ta zuba wa makarantu lokacin korona wa'adinta ya cika tun Satumbar 2024, gundumomi na ta lalube inda za su yanke. Giɓi kam akwai shi, ban musa ba. Amma me ya sa kullum nan ake fara dosa?

Abin da ya fi ɓata min rai ma ba hukumar ba ce, 'yan uwana ne. Da aka jefo labarin a guruf ɗinmu na WhatsApp na iyaye, sai ga wani yana cewa gara ma haka, shi bai ƙetaro teku da 'ya'yansa don su zama maroƙa ba, a mayar da kuɗin wajen lissafi da kwamfuta. Mutane suka yi ta danna masa babban yatsa. Wallahi na san da yawansu ko sau ɗaya ba su taɓa taka ƙafa wajen taron da yaran ke nuna busa da kiɗan da suka koya ba, hukunci kawai suka yanke daga kan kujerar falo.

To ni na je. A watan Disamba aka yi na 'yata, tana aji shida, kilarinet take busawa, wata irin sarewar Turawa. A zauren wasanni aka jera kujerun ƙarfe, ga sanyi a waje, iyaye kowa da rigar sanyinsa a cinya, wasu ko kayan aiki ba su cire ba, daga wurin aiki suka wuto kai tsaye. Yaran suka shigo da farar riga da baƙin wando, wasu wandon ya ɗage musu saman idon sawu. Ba zan yi muku ƙarya ba, busar ba ta yi daɗi sosai ba, wata uku kacal da fara koyo, kilarinet ɗin wani yaro sai tsuwwa take yi, masu ƙaho kuma suna rigan kowa shiga. Amma akwai wani wuri da aka ce masu kilarinet su dakata masu ganga su yi nasu, ina kallon bakin yarinyar nan yana motsi tana ƙirga ɗaya biyu uku huɗu, ƙafarta na buga ƙasa a hankali, idonta ƙur a kan sandar malamin, har lokacinta ya zo ta shiga daidai tare da sauran. Yarinyar da a gida ba ta bari ƙaninta ya ƙarasa magana.

A gaya min a wane aji ake koyar da wannan. A ajin lissafi kowa takardarsa yake kallo, ka ci kai kaɗai, ka faɗi kai kaɗai. A badujala in ka yi gaggawa ka ɓata wa ajin duka, in ka yi shiru inda ya kamata ka busa kowa zai ji ramin da ka bari, dole ka saurari na kusa da kai, dole ka jira, dole ka zo ranar atisaye ko ba ka so don akwai masu dogaro da kai. Mu da muke kukan yaranmu sun tashi a ƙasar kowa-tasa-ta-fisshe-shi, ba sa jin magana, sun maƙale wa waya, ga aji guda da ke karya wannan halin kuma mu ne muke tafi za a rushe shi.

Zancen maroƙa kuwa abin kunya ne ya fito daga bakin Bahaushe. Wane sarki ne ke fita hawan Sallah ba kakaki ba algaita? Wa ya manta da badujalar 'yan sanda ranar 1 ga Oktoba, muna yara muna maci a filin wasa ƙirji a buɗe? Muna son sautin, muna raina mai yin sa, kuma mun ɗauko wannan rainin mun tsallako da shi har nan muna neman ɗora wa yaran da ba su san shi ba. Wanda yake da uzuri na addini ina girmama shi, ajin nan zaɓi ne ba tilas ba, ya cire ɗansa ba mai ce masa don me. Amma cire naka daban, murnar a hana na wasu daban.

Kuma ku duba wa za a hana. Makarantun gwamnati a ƙasar nan kaso mai tsoka na kuɗinsu daga harajin gidaje yake fitowa, shi ya sa unguwar masu hali ba ta jin irin wannan yankan, ko an yanke ma iyaye za su ɗauko malami har gida su biya shi a awa. Ɗan direban Uber da ɗiyar mai aikin dare a gidan kula da tsofaffi, wato yaranmu, makaranta ce kaɗai inda za su taɓa riƙe irin wannan kayan, wani ma aron na makarantar ake ba shi don iyayensa ba za su iya biyan hayar wata-wata ba. In aka soke ajin 'yan aji shida, yaron da bai fara da wuri ba da wuya ya shiga daga baya, zai tarar 'yan gata sun yi masa nisa ya ji kunya ya haƙura.

An taɓa gwada wannan hanyar ai. Dokar ilimi da Bush ya sa wa hannu a 2002 ta ɗaure makarantu da jarrabawar karatu da lissafi duk shekara daga aji uku zuwa takwas, makarantu da yawa suka matse duk abin da ba a jarrabawa a kansa. Da aka zo sauya ta a 2015 zamanin Obama, sai da aka rubuta kiɗa ɓaro-ɓaro cikin darussan da ke cika ilimin yaro. Yanzu hukumarmu na neman mayar da mu baya da sunan tsimi, alhali ofisoshin manya na nan cike da mataimaka da mataimakan mataimaka, ba wanda ya taɓa kujerarsu.

Can ya kamata a fara yankan. In ma dole sai an taɓa ajin, a nemi taimakon iyaye da shagunan gari wajen kaya da gyara, a bar malamin a inda yake. Hukumar za ta zauna sauraron jama'a kafin ta kaɗa ƙuri'a, kuma ba sai kana da fasfon Amurka ba za ka rubuta sunanka ka yi magana. 'Yan uwa, mun iya cika zaure in biki ne ko suna, wannan karon ma a fito, ni dai sunana na kan takardar masu magana.