Na Biya Kuɗin Haya a Cikin Gidana

Ranar da rubutun ya fara fitowa a ƙasan allon kwamfutata, can kusurwar dama, bakin riga na sa na goge shi. Bai fita ba. Na ɗan tofa yawu na sake murzawa. Maman yara tana tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Malam, wanki za ka yi mata? In kawo sabulu?"

Kwamfutar 'yar gwanjo ce, daga wani shago a titin Ahmadu Bello na sayo ta. Da ita nake rubuta bayanan ƙungiyarmu ta unguwa a Tudun Wada, inda aka naɗa ni magatakarda don kawai ina sa tabarau. Rubutun dishi-dishi ne, da Turanci, wai in je in kunna lasisin Windows, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Ba ya hana aiki. Amma ya hana ni canza hoton bangon allo, kuma duk abin da na buɗe yana nan a kai, kamar mai bin bashi da ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida.

Na yi ta haƙuri har ranar da muka haska lissafin kuɗin gyaran kwalbati a bango da majigi. Shugabanmu, dattijo mai tsoron a ci amana, ya ɗaga sanda ya nuna kusurwar. "Magatakarda, wancan na ƙasa kuma kuɗin mene ne?"

Washegari keke napep ya sauke ni a wajen wani yaro mai gyara. "Alhaji, mabuɗi ne kawai, dubu biyar." Ban taɓa zuwa Makka ba, ina jin kuɗin Alhajin ma yana cikin dubu biyar ɗin. Ya buɗe wani baƙin allo, ya ƙwanƙwasa, rubutu ya ɓace. Har na ƙara masa na ruwa.

Wata shida cif, sai ga baƙona ya dawo kusurwarsa. Na koma shagon yaron, na tarar ana sayar da turare.

Sai na ce ai ni ma ba a baya nake ba. Akwai wata matacciyar kwamfuta a ƙarƙashin gado, a bayanta an manna takardar mabuɗin Windows 7: haruffa da lambobi 25, biyar-biyar gida biyar. Sai dai shekarun zafin cinya sun cinye rabinsu. Ga shi an ɗauke wuta. Maman yara ta haska da fitilar waya tana karantowa, ni ina bugawa.

"Wannan B ne ko 8?"

"Ciki biyu dai gare shi, Malam."

Muka gwada B, muka gwada 8. Wani kuma Q ne ko G, Allah kaɗai ya sani. A gwaji na goma sha ɗaya ta kashe fitilarta ta ce cajinta ba na ƙungiya ba ne.

Ranar Asabar ɗan yayata mai karatun kwamfuta ya zo gaisuwa. Na ba shi labari, ya yi dariya har da riƙe ciki, ba ko kunyar kawu.

"Kawu, ko kun karanto shi daidai ba zai yi ba. Wannan na masu ƙera kwamfuta ne, da na'urar da ya zo da ita aka ɗaura masa aure, tare za su mutu. Wanda aka saya daban a kwali shi ake iya ƙaura da shi. Kuma tun 2023 aka rufe ƙofar kunna Windows 10 irin taku da mabuɗin 7."

Na ce to na dubu biyar fa? Ya ce irin na manyan kamfanoni ne aka ɗosana min ta bayan gida. Shi wannan sai kwamfuta tana kai gaisuwa ga uwar garken kamfani, wato babbar kwamfutarsu, in ta yi kwana 180 ba ta je ba, zumunci ya yanke.

"Amma da kuɗina na sayi kwamfutar nan!"

"Ƙarfen kuka saya, Kawu. Windows izinin amfani ake ba mutum."

Ya ɗan yi danne-danne, sai ya yi shiru, ya dube ni. Ashe tun zamanin Windows 8, a 2012, aka daina manna takarda, a cikin uwar allon na'urar ake binne mabuɗin. Tawa da nata ta zo, na halak, na nau'in Home, wato Windows ta amfanin gida. Wani ne can ya ɗora mata Pro, ta 'yan ofis, don ta yi kwarjini a kasuwa, mabuɗin Home kuwa ba ya buɗe Pro. Ya kwashe min takarduna a filashi, ya sake zuba Home, muka jona intanet ɗin wayarsa. Ko harafi ɗaya bai buga ba, kusurwa ta yi fes.

Nan take na sa hotona na ranar Sallah a bangon allo, da babbar riga. Ina cikin gyara zama ya ce, "Sai dai fa Kawu, tun 14 ga Oktoba 2025 wa'adin kula da Windows 10 ya cika. Ita kuma wannan ba ta da ɗan guntun tsaron da Windows 11 ke nema."

Daga kicin Maman yara ta ɗaga murya: "Malam, in kawo sabulun?"