Wa Ya Riƙe Filashin Jauro?

(Shagon buga takardu a Hotoro, bakin titin Maiduguri, ranar Juma'a da hantsi cikin hunturu. Janareta na ruri a waje. Alhaji Bakano ya sa kaskon turare a gindin kwamfuta, yaronsa Ɗanliti na fifita. Jauro Bafulatani na tsugune a bakin ƙofa, sanda a kafaɗa, filashi, ɗan abin ajiye fayiloli da ake sokawa a kwamfuta, a dunƙule cikin hannu.)

BAKANO: Ƙara garwashi, Ɗanliti.

ƊANLITI: Alhaji, hayaƙin fa yana shiga ta wajen fankarta.

BAKANO: Can nake so ya shiga. Abin da maƙwabcin nan ya turo mini yau sai ya fita.

BAZAZZAGE (mai gyaran kwamfuta, yana shigowa): Salamu alaikum. Gobara ake yi ko biki?

BAKANO: Ga bawana ya iso. Tun ɗazu nake kiranka.

BAZAZZAGE: Sau ɗaya wayar ta yi ƙara ka katse, Alhaji. Ni na kira da katina. Ɗauke kaskon nan kafin ka toshe mata numfashi. Me ya same ta?

BAKANO: Ta ƙame. Duk wanda ya cire filashi sai ta sandare, ɗan zoben nan shuɗi ya yi ta juyi. Kuma ban taɓa ganin haka ba sai da mutumin can ya buɗe shago a gefena.

BAZAZZAGE: Wa ya cire na yau?

JAURO: Ni ne, aradu. Abina ne. Na ji yaron mota yana cewa Wudil, Wudil, saura mutum ɗaya. Yau kasuwa, shanu ba sa jiran kowa.

BAZAZZAGE: To ga ka nan ba ka tafi ba.

JAURO: Alhaji ya riƙe mini riga, wai na kashe masa inji.

BAZAZZAGE: Bari mu ga ko ta mutu. Ɗanliti, danna Caps Lock, ka dubi 'yar fitilar da ke kan kibod. Ta kama?

ƊANLITI: Ta kama. Na sake dannawa ta mutu.

BAZAZZAGE: Da ranta ke nan. Kwamfutar da ta ƙame gaba ɗaya ko wannan fitilar ba ta amsawa. Wannan manhaja ɗaya ce ko biyu suka tsaya jiran filashin da ba ya nan. Haɗa Ctrl da Shift da Esc ka danna tare.

BAKANO: A hankali! Kibod ɗin nan ba a kyauta na same shi ba.

BAZAZZAGE: Ga Tas Manaja ya buɗe, jerin duk abin da ke aiki a cikinta. Ka ga Word, an rubuta ba ya amsawa? Rufe shi. Yanzu nemo Windows Explorer, shi ne mai nuna maka fayiloli da layin ƙasan allo. Danna shi da hannun dama na maus, ka ce ya sake tashi.

ƊANLITI: Allon ya ƙifta... Alhaji, ta dawo!

BAKANO: Alhamdu lillahi. Turaren ya yi aiki.

BAZAZZAGE: Turaren.

BAKANO: To da ka zo ba ka tarar da shi yana ci ba? Allah ya yi maka albarka, sai an jima.

BAZAZZAGE: Shi ke nan. Gobe in ta sake, ka kira mai turaren.

BAKANO: Kai, dawo mana. Zage-zagi ba ku san wasa ba. Zauna, ga benci. Me ke kawo abin?

BAZAZZAGE: Jauro, in kana tatsa, nono na zuba, wani ya zo ya fizge ƙwaryar, ya za a yi?

JAURO: Sanda za ta yi magana.

BAZAZZAGE: Kafin sanda.

JAURO: Nono ya zube a ƙasa, nagge ta tsorata, ta ƙi tsayawa.

BAZAZZAGE: Abin da ka yi wa injin Alhaji ke nan. Takardarka a buɗe take cikin Word, kuma daga kan filashin aka buɗe ta kai tsaye. Word na riƙe da ita, yana ajiye 'yan fayilolinsa na wucin gadi a gefenta. Ka fizge, ya aika a karanto masa, shiru. Windows kuwa ba ta saurin fid da rai, sai ta yi ta sake gwadawa, duk wanda ke bayanta a layi ya tsaya.

JAURO: Hoɗijam. Ai ban ji ta yi kuka ba.

BAZAZZAGE: Ɗanliti, daga yau takardar kwastoma ka fara kwafo ta kan kwamfuta, sannan ka buɗe. Kawo filashin, Jauro, mu mayar.

JAURO: Ba za ta cinye mini ba?

BAZAZZAGE: Kawo dai. A'a, Ɗanliti, ina za ka sa shi?

ƊANLITI: A ramin gaba, inda muke sawa kullum.

BAZAZZAGE: Dubi yadda yake rawa. Ramin nan ya gaji, kuma 'yar waya ce siririya ta haɗa shi da babban fanel na ciki. Na baya a jikin fanel ɗin suke a manne. Zagaya ka sa a baya.

BAKANO: Bayan nan ni ba na taɓa shi. Ranar Talata na kai hannu, wani abu ya figi yatsana har gwiwar hannu. Nan take ta ƙame, ko maus bai motsa ba. Shi ma za ka ce ba turo shi aka yi ba?

BAZAZZAGE: Nuna mini fulogin.

ƊANLITI: Ga shi. Ƙafa uku ne da, Alhaji ya sa na karya ta saman don ya shiga soket ɗinmu.

BAKANO: Soket mai rami uku tsada gare shi.

BAZAZZAGE: Ƙafar da ka karya ita ce wayar ƙasa, ita ke kwashe wutar da ta ɓace ta zubar. Babu ita, sai ta taru a jikin ƙarfen akwatin tana jiran yatsan Bakano. Ga janareta da ba a kafa masa ƙarfe a ƙasa ba, ga hunturu, iska a bushe. Ba ka jin rigarka na ƙas-ƙas in ka tuɓe da dare?

BAKANO: Ina ji. Na ɗauka ingancin shadda ne.

BAZAZZAGE: Wuta ce ke taruwa a jikinka. Ka taɓa bakin filashi da ita, ta yi tsalle ta shiga ramin, kwamfuta ta ƙame ƙam. Wannan irin Tas Manaja ba ya maganinsa, sai ka danne maɓallin kunnawa har ta mutu, abin da ba a ajiye ba ya tafi. Ka kira mai wayarin ya yi maka wayar ƙasa ta gaskiya, ka sayi sabon fulogi. Kafin nan, duk mai cire filashi ya fara taɓa ƙarfen ƙofar shago.

BAKANO: Taɓa ƙofa dai kyauta ne ko?

BAZAZZAGE: Kyauta ne.

BAKANO: To da shi za mu fara.

ƊANLITI: Injiniya, ta nuna wani saƙo. Wai akwai matsala a filashin, a duba a gyara.

BAZAZZAGE: Wannan ka yarda. Galibin filashi da tsarin jera fayiloli na FAT32 ko exFAT suke zuwa, in aka katse su ana tsakar rubutu sai teburin da ke nuna inda kowane fayil yake ya hargitse. Bar ta ta duba. In ta ƙi, akwai umarnin chkdsk mai dubawa da gyara, ka rubuta shi da harafin da kwamfuta ta ba filashin, ka ƙara /f. Amma ranar da ka ga ta ce a yi fomat, ka ɗauke hannunka.

JAURO: Mene ne fomat?

BAZAZZAGE: Shara. Komai na ciki ya tafi.

JAURO: Hotunan shanuna duka suna ciki, har da na bijimin da ya mutu bara. Yaro, matsa daga wurin nan, ina ganin yatsanka.

BAZAZZAGE: Ta gama, ba abin da ya ɓata. Yanzu ga yadda ake cirewa. Ƙasan allo ta dama, kusa da agogo, akwai 'yar alamar filashi. Ka danna, ka zaɓi sunansa, ka jira ta ce an ba da izini. Gwada.

ƊANLITI: Ta ƙi. Wai ana amfani da shi.

BAKANO: Kun ji ko! Mu huɗu ne a nan, ba wanda ya taɓa shi. Wa ke amfani da shi? Ɗanliti, dawo da kaskon.

BAZAZZAGE: Yanzu za mu ji sunan aljanin. Windows na da kundin da take rubuta duk abin da ya faru. A ɓangaren tsarin na'ura, rahoto mai lamba 225 shi ke faɗin manhajar da ta hana a cire filashi. Ga shi nan... VLC.

BAKANO: Wane ne kuma haka? Musulmi ne?

BAZAZZAGE: Manhajar kallon fim ce. Tana tashi da kanta ne, Ɗanliti, ko tayar da ita ake yi?

ƊANLITI: Wani bidiyon hawan sallah na gani a ciki, na ce bari in ɗan leƙa kafin ta gama dubawa. Na rage shi ƙasa.

BAKANO: Da man janaretana kake kallon dawaki?

BAZAZZAGE: Rufe shi ka sake gwadawa. Wani lokacin ba fim ba ne, manhajar kashe bairos ce ke bincike, sai ka ba ta minti ɗaya. In duk sun ƙi, kashe kwamfutar ta hanyar da ta dace, sannan ka zare. Yawwa, ga izini ya fito. Amma tsaya, wa ya taɓa saitin nan?

ƊANLITI: Wanne?

BAZAZZAGE: Tun sabuntawar 1809 ta Windows 10, a ƙarshen 2018, Microsoft ta mai da "cirewa da sauri" ya zama saitin asali, wato komai a rubuta shi kan filashi nan take. Nan kuma na ga an mayar da shi kan "ƙarin gudu". A wannan saitin kwamfuta kan ce maka ta gama, alhali sauran kayan na cikin ƙwaƙwalwarta, ba ta sauke ba tukuna.

ƊANLITI: Alhaji ne ya ce turin fim na cin lokaci, layi na tsawo.

BAKANO: Na ce ka yi sauri, ban ce ka yi ilimi ba.

JAURO: To in an mayar da na saurin, in fizge abina in na ji mota?

BAZAZZAGE: In ba a rubuta komai, ba abin da ke buɗe. In fitilar filashin na ƙiftawa, ko motar Makka ce ka bar ta ta wuce. Saura abu ɗaya, Alhaji. Windows kan kashe wutar ramukan USB, wato inda ake sa filashi, in ta ga ba a amfani da su, don tanadi. A tsofaffin injuna irin naka wani lokaci ramin ba ya farkawa daidai. Zan shiga Dibais Manaja, wajen saitin kayan da ke jikin kwamfuta, in cire alamar tanadin.

BAKANO: Dakata. Injin da kansa yake tanadin wuta?

BAZAZZAGE: Ƙwarai.

BAKANO: Shekara nawa ina tare da shi ban san ɗan gida ba ne. Shi za ka hana? Cire hannunka.

BAZAZZAGE: Abin da yake tanadawa a wata ba zai sayi ƙosai ɗaya ba.

BAKANO: Ƙosai ɗaya sau goma sha biyu fa?

BAZAZZAGE: Kano ke nan. Na bar maka shi, in ta sake ƙamewa ka san inda za a duba. Kawo kuɗin aikina.

BAKANO: Wane aiki? Ɗanliti ne ya yi ta danne-danne, kai baki kawai ka sa. Ga shi ka sha inuwa, ka shaƙi turare mai tsada.

(Suna cikin ciniki Jauro ya lallaɓa bayan tebur da cajar wayarsa. Allo ya yi baƙi, fanka ta yi shiru.)

ƊANLITI: Alhaji! Takardar kotun nan mai shafi 30 da nake bugawa tun safe, ban ajiye ba!

JAURO: Kada wanda ya kalle ni. Na taɓa ƙofa, na duba kusa da agogo, na ce mata zan cire wannan baƙar igiyar in sa tawa. Ba ta ce ana amfani da ita ba.

BAZAZZAGE: Alhaji, wannan sabon aiki ne. Kuɗinsa daban, kuma a hannu.