Taswirar iyawar kamfani: wa ya ajiye rudu kusa da tsintsiya?

Kwanakin baya ƙanena, wanda ke riƙe da lissafin wani babban ɗan kasuwar albasa a nan Sakkwato, ya ce, “Yaya, zo ka ga aikin da na yi wa Alhaji.” Ya juyo mini kwamfuta. Akwatuna ne jere reras, wasu kore, wasu rawaya, wasu ja. Wai taswirar iyawar kamfani ce, daga wata manhajar tsara dabarun kasuwanci ya ɗauko tsarinta. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, sai can ƙasa na hango ajiyar kaya, wato aikin rudu, rumfar da ake adana albasa a ciki, a rukunin ayyukan tallafi, tsakanin gyaran motoci da tsabtar ofis. Na ce, “Kai, wa ya ajiye rudu kusa da tsintsiya?” Ya ce haka abin ya zo.

Ita wannan taswira tambaya ɗaya take amsawa: me gidan nan ya iya yi? Ba ruwanta da wanda ke yi, ko yadda yake yi. Sayen kaya daga manoma iyawa ce, haka tantance mai kyau da ruɓaɓɓe, haka ajiya, haka jigila, haka karɓo kuɗi. Ma'aikaci zai tafi, a sauya wa sashe suna, su kuwa suna nan. Ana fara zana manyan akwatuna, a fasa kowanne zuwa ƙanana, yawanci a tsaya a mataki na biyu ko na uku. Daga nan a kasa su rukuni uku: na jagoranci, na ginshiƙin sana'a, da na tallafi. A nan gizo ke saƙa.

Manhajojin ba su da laifi a kan kansu. LeanIX, wadda kamfanin SAP na Jamus ya saya a 2023, da Ardoq ta ƙasar Norway, da Archi da ake saukewa kyauta, duk suna ba ka damar jan akwati ka ajiye inda ka ga dama. Matsalar ita ce shiryayyen tsarin da mutum ke ɗaukowa don gudun wahala. Wani tsarin kamar an yi shi ne da banki ko kamfanin inshora a zuci, wuraren da sito ba komai ba ne sai ɗakin tara takardu. Ko Michael Porter, malamin Harvard da ya shahara tun 1985 da raba ayyukan kamfani zuwa na asali da na tallafi, ajiya da jigila a sahun asali ya sa su.

Duk wanda ya san albasa ya san ribarta ba wurin sayarwa take ba. Ana saye ne lokacin cira, da rani, sa'ad da kaya suka cika Goronyo da Wurno farashi ya faɗi, a zuba a rudu, a jira damina ta yi nisa kasuwa ta nema. Tsakanin nan kuwa zafi da danshi suna cin rabonsu. Wanda ya iya hana ruɓa shi ke da kuɗi. Idan taswira ta jefa wannan iyawa cikin tallafi, ranar rabon kuɗin shekara ita za a fara yanke wa, domin kowa ya san tallafi ake matsewa idan aljihu ya yi zafi. Wurin da aka ajiye akwati hukunci ne a kan inda jari zai tafi, saboda haka maigida ya kamata ya yanke shi, ba yaron da ya fi kowa iya danna kwamfuta ba.

Akwai kuma iyawar da ba za ka same ta a tsarin Turawa ba. Alhaji yana ba manoma kuɗin iri da taki da man injin ban-ruwa tun kafin dashe, bisa amana, su biya da kaya. Ƙanena ya tura ta ƙarƙashin harkar kuɗi don ya ga kalmar bashi. Ni a ganina wurinta ƙarƙashin samo kaya ne, domin da ita ake kama albasa tun tana gona. A hannun akawu, bashi ne da za a so a rage. A hannun mai saye, ita ce igiyar da ke riƙe da manomi.

Kuskure na biyu namu ne na gida. Muna zana mutane, mu kira su iyawa: akwatin Alhaji ƙarami, akwatin surukin Alhaji. Shi ya sa karɓo bashi ya fito sau uku a taswirar ƙanena, don mutum uku ke yi. Ƙa'ida ita ce kowace iyawa ta fito sau ɗaya tak. Ga gwajin da na ba shi: idan wane ya tafi aikin Hajji, akwatin zai tsaya cik? In zai tsaya, a shafa masa ja. Launi amfaninsa ke nan, ba ado ba.

Na san wani zai ce kakanninmu sun kai fatar jar akuyar Sakkwato har Maroko ba su taɓa ganin manhaja ba. Gaskiya ne, amma taswirar tana cikin kansu, kuma mun sha ganin gidajen kasuwanci sun watse bayan rabon gado don an binne ta tare da mai ita. Inda na yarda da mai suka shi ne batun kuɗi. Manhajar da ake biya da dala ta dace da wuri irin masana'antar siminti ta Kalambaina, ko babbar ma'aikata mai sassa barkatai. Mai tirela biyar allo da alli sun ishe shi, ko Excel, har sai an gama gardamar rukuni.

Ƙanena ya ɗaga ajiya zuwa sama, ya mayar da bashin manoma ƙarƙashin saye, ya buga a takarda ya kai. Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa kan ajiya ya ce, “Wanga mi ya sa shi ja?” Ƙanena ya ce, “Ranka ya daɗe, tsoho ɗaya ne ya san lokacin juya albasa a rudu, kuma ba shi da yaro.” Washegari aka tura masa samari biyu.