Dajin Karura: A Buɗe Wa Jama'a Ƙofa, A Bar Wa Namun Daji Wurinsu

Ranar 8 ga Janairun 1999, Wangari Maathai, 'yar fafutukar kare muhalli ta ƙasar Kenya, ta nufi bakin dajin Karura da ke arewacin birnin Nairobi, ita da magoya bayanta, suna ɗauke da dashen itatuwa. Masu gadi riƙe da kulake da bulala suka far musu, har aka fasa mata kai. Laifinta kawai ta ƙi yarda a yanka dajin filaye a raba wa shafaffu da mai, kamar yadda aka soma a asirce zamanin Shugaba Daniel arap Moi. A 2004 aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya.

A nan masu ba da labarin suka saba tsayawa, ni kuwa abin da ya biyo baya ya fi jan hankalina. Dajin ya kuɓuta daga hannun magina, amma shekaru suka shuɗe mutumin kirki ba ya kusantarsa, domin ya zama maɓoyar 'yan fashi. Wannan ita ce hujjar da mai kwaɗayin fili yake jira. Sai ya ce wurin ba ya amfanar kowa sai ɓarayi, gara a gina gidaje. Wa zai fito ya kare dajin da bai taɓa taka ƙafarsa a ciki ba?

Dokar gandun daji da Kenya ta yi a 2005 ta ba jama'ar da ke maƙwabtaka da daji damar kafa ƙungiya su kula da shi tare da hukuma. A kanta aka kafa ƙungiyar Abokan Dajin Karura a 2009. Suka kewaye dajin, mai faɗin hekta dubu da 'yan kai, da shingen waya mai lantarki, suka yi ƙofofi, suka ɗauki masu sintiri, suka share hanyoyin ƙafa da na keke da tsawonsu ya kai kilomita 50. Yau iyalai da ɗalibai da masu motsa jiki ke cika wurin, wasu su je kallon ruwan da ke zubowa daga kan dutse, wasu kogunan da ake cewa mayaƙan Mau Mau sun ɓuya a cikinsu lokacin yaƙi da Turawan mulkin mallaka.

Akwai masu kishin namun daji da ke ganin shigar dubban mutane cutarwa ce ga dabbobi, kuma maganarsu abin dubawa ce. Gada da mazo ba sa son hayaniya, tsuntsuwa ma takan yi watsi da sheƙarta idan aka matsa mata. Sai dai a duba abin da aka tarar a Karura. Babban ɓangarensa itatuwan waje ne, musamman itacen turare, wanda aka dasa tun zamanin Turawa don samun makamashi. Itacen turare yana saurin girma, yana shan ruwa sosai, ƙarƙashinsa kuma fayau, babu abin kirki da dabba za ta ci. Daga nesa ka ga kore shar, ka shiga ka tarar shiru. Cire shi sannu a hankali, da tuge lantana, wata tsiro mai mamaye ƙasa, da dasa itatuwan asali na yankin, aiki ne na shekaru da ke cin kuɗi da hannaye. Kuɗin da baƙi suka riƙa biya a ƙofa na cikin abin da ya ɗauki nauyinsa.

Sakamakon ya fito fili. Daga 2014 aka fara kawo birai masu gashi baƙi da fari, waɗanda ake kira kolobos, daga wuraren da gonaki suka cinye musu kurmi, aka sake su a Karura, kuma sun zauna har sun hayayyafa. Birin nan ganye yake ci, a saman itace yake rayuwa, da wuya ya sauko ƙasa. Zamansa shaida ce cewa kurmin ya fara komawa yadda Allah ya halicce shi.

Dabarar tana cikin ƙa'ida. Kowa ya bi hanyar da aka shata, sauran dajin na dabbobi ne. Ana rufe ƙofa da yamma, dare ya zama nasu. Ba a shiga da robar ruwa ta sha-ka-yar, wadda Kenya ta haramta a duk wuraren da take karewa tun watan Yunin 2020.

Inda nake da damuwa ta gaske shi ne batun talaka. Karura na maƙwabtaka da Muthaiga da Gigiri, unguwannin attajirai da jakadu da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya, amma a gefensa akwai Huruma, unguwar marasa ƙarfi da suka daɗe suna samun itacen girki a cikinsa. Shingen da ya kori ɗan fashi yana iya korar tsohuwa mai neman ƙirare. An yi hikima da aka ɗauki mutanen Huruma aikin sintiri da rainon dashe, domin wanda yake ci daga daji ba zai bari a kashe shi ba. Duk da haka, kuɗin shiga da mai mota ba ya ko ji a jikinsa, ga lebura mai 'ya'ya biyar cefanen yini ne. A ganina ya kamata a ware ranakun da maƙwabta za su shiga kyauta, a ƙara yawan yaran makarantun gwamnati da ake kawowa, a kuma bar wa mata hanyar ɗibar busasshen itace bisa tsari.

Mu ma a nan mun ga yadda dausayi da gandun itatuwa na bakin gari ke komawa filayen awo cikin shekara ɗaya, ba wanda ya ce uffan, saboda tun farko an bar su juji da matattarar 'yan shaye-shaye. Wanda yake son ceto irin wannan wuri a garinsu ya fara da ƙofa, da hanyar ƙafa mai tsabta, da masu gadi daga cikin 'yan unguwar, kafin mai awo ya iso da igiyarsa.