Ni dai na gaji da miskilin jarumi

Yau sai na faɗa, ko da 'yan gurup ɗinmu za su yi mini ca. Littattafan nan da muke karantawa a waya, mu 'yan sakandare, jarumi ɗaya ne ake ta canza wa suna. Ɗan masu kuɗi ne, soja ko likitan da ya yi karatu a Ingila, ba ya dariya, gaisuwa ma sai ya ga dama yake amsawa. Ita kuwa jarumar marainiya ce, kishiyar uwa ta sa ta a gaba. Ranar da suka fara haɗuwa ya fallatsa mata ruwan kwata da mota, ta buɗe baki ya sharara mata mari. Sai can wajen shafi na sittin a ce mana wai duk so ne.

Marin bai dame ni kamar yadda muke karɓarsa ba. Marubuciya ta saki sabon shafi bayan isha'i, kafin asuba sharhi ya cika: "Wayyo Anti, Allah ya ba ni irinsa!" Masu rubuta hakan fa har da ƙannenmu 'yan aji uku. Yarinyar da ko zance ba ta taɓa fita ba ta riga ta haddace cewa wanda ke wulaƙanta ta shi ne mai aji, wanda ke lallaɓa ta kuma sakarai ne. A littafin ma haka ake yi masa, shi ne ɗan uwan nan mai kirki da ake kashewa a hatsarin mota don a share wa miskili hanya.

Kada wani ya ɗauka ina tare da masu cewa a hana. An gwada ai. A 2007, zamanin shirin gwamnatin Kano na gyaran tarbiyya, A Daidaita Sahu, an ƙona littattafan soyayya a Kano, ba a daina rubutawa ba, ba a daina karantawa ba. Yanzu ma sun koma WhatsApp da Wattpad da YouTube, inda ashana ba ta da aiki. Kuma da yawanmu a nan muka iya karanta Hausa da sauri, ba a aji ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne iyayenmu mata sun karanta abin da ya fi wannan nauyi. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu ya fito tun 1990, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi wa auren dole, ta kuma koma ta nemi ilimi. Na same shi a akwatin Ummanmu, bangon ya yage, na karance shi a zama ɗaya. Ko Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata da BBC Hausa ta fara a 2016, ta isa shaida cewa matanmu sun iya rubuta wani abu daban.

Na san kuɗi ne a ciki. Ana ba ki shafukan farko kyauta, daidai inda ya jawo ta cikin ɗaki sai a ce littafin na kuɗi ne, ga lambar asusu. Marubuciya ba za ta sayar da abin da ba a saya ba, mu ne muke turawa.

To ni daga yanzu kuɗin katina na marubuciyar da za ta ba ni yarinya mai fama da JAMB ne, wadda ke tallar awara da yamma tana bitar lissafi da fitilar waya. A sa soyayya a ciki, ban ƙi ba, amma saurayin ya riƙa amsa gaisuwa. Wadda ta san irin wannan littafin ta ajiye mini sunansa a ƙasa.