Kaka da Kwantirol

(Tsakar gida a Aboabo, Kumasi. Kaka na shirin dama kokon sayarwa. Sani, ɗan aji uku a Tek (jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi), ya shigo, wandonsa duk taɓo.)

KAKA: Maigida, ina ludayina?

SANI: Ara na yi, Kaka. Tsutsar sauro na ɗebo da shi a kududdufin bayan masallaci.

KAKA: Innalillahi! Ludayin koko? Ubanka na can Kejetia yana shan rana don kuɗin makarantarka, wasu na kiwon kaji, kai sauro ka zaɓa.

SANI: Bincike ne. Leƙa ki gani. Wadda ta kwanta a miƙe a saman ruwa ita ce anofilis, mai kawo zazzaɓin cizon sauro. Mai rataye kai ƙasa kuwa kuleks ce, 'yar kwata.

KAKA: Har suna kuka raɗa musu? Wa ya yanka ragon?

SANI: In sun yi fiffike, matan kawai zan ware. Mace ce ke cizo, don sai da jini ƙwanta ke nuna. Namiji ruwan fure yake sha.

KAKA: Ai na san a rina. Har wurin sauro sai an ɗora wa mata laifi.

(Bayan kwana goma. Sani ya fito daga ɗaki da kofi biyu rufe da gidan sauro, jiki na rawa.)

SANI: Kaka! Wa ya shiga ɗakina?

KAKA: Ni ce. Shara na yi.

SANI: Waɗannan 25 ɗin jiya na sa su awa ɗaya a kan takarda mai magani a ɗakin gwaji, yau zan ƙirga gawa. Waɗancan 25 ɗin kwantirol ne, ba a taɓa su, ruwan sukari kawai nake ba su a auduga. In su ma suka mutu, gwajin ya rushe!

KAKA: To ai shi na gani. Ka fifita ɗaki ɗaya da sukari, ɗayan ka ba shi guba. Mai mata biyu ba ya haka. Sai na kunna musu igiyar maganin sauro a tsakiya, kowa ya samu rabonsa.

SANI: Me zan gaya wa Dokta, malaminmu?

KAKA: Ka ce hamsin cif, ba wadda ta shura. Ka rubuta sunana a ƙasa.

SANI: Yanzu sai na koma kududdufi daga farko.

KAKA: Allah ya kiyaye hanya. Ajiye min ludayin nan.