Fulci bai fara da zubar da jini ba

Malam marubuci, ka ce Lucio Fulci, daraktan fim ɗan Italiya, mai finafinan gawawwaki ne kawai, to a nan na saɓa maka. Shekara 10 kafin fim ɗinsa na gawawwaki Zombi 2 na 1979, ya yi fim ɗin Una sull'altra a 1969, labarin wani likita a San Francisco da aka tuhuma da kashe matarsa saboda kuɗin inshora. Marisa Mell ce ta fito a matsayin matar da kuma mai rawar kulob mai kama da ita. Akwai tsiraici, ba na zaman falo da yara ba ne, amma makircin ne ya riƙe ni, da kiɗan Riz Ortolani. Italiyawa suna kiran irinsa giallo, wato rawaya, launin bangon littattafan binciken laifi na kamfanin buga littattafai Mondadori.